Dabarun hana babur mai taya huɗu kafewa a fadama

Manoman shinkafa da kanikawa a yankin Auyo sun tattauna kan babur mai taya huɗu, da abin da ke sa shi kafewa in damina ta yi nisa.

Iskar taya ce ta fi cin lokaci. Tayar wannan babur yawanci awo 4 zuwa 7 take so a ma'aunin mai faci, alhali ta ƙaramar mota tana wuce 30. Masu facinmu kuwa sun saba da mota, sai su ɗura mata har ta yi tauri, tsakiyarta kaɗai ke taɓa ƙasa. In aka rage iskar sai ta baje, haƙoranta su kama laka. Amma kada a wuce gona da iri har ta zame daga wili.

Wani bakanike ya kawo batun Kanada, inda ake ɗaura wa taya sarƙa ko a dasa mata ƙananan ƙusoshi saboda santsin ƙanƙara. Wannan na can ne. A rairayinmu, a ganina, sarƙa rami kawai za ta haƙa.

Sauran ba a ja su da nisa ba. A sa ƙaramar giya da jan tayoyi huɗu tun kafin a shiga taɓo, a danna totur a hankali, a raba buhunan taki gaba da baya. In ya kafe, a sauke kaya, a cusa karan dawa ƙarƙashin taya, sannan a ja da baya.