Taƙaitawa: Shawarwarin Ziyarar Durɓi Ta Kusheyi

Ga abin da na tattaro daga maganganunku kan tsoffin kusheyin nan na ƙaramar hukumar Mani, jihar Katsina.

1. Kusan kowa ya ce a je da kaka ko hunturu. Da damina shuka ta rufe hanya, ga macizai.
2. A fara gaida mai gari, a nemi jagora.
3. Ruwa da malafa.
4. Kada a tona, ko tsingaro kada a ɗauka. Masana sun haƙa a 1907 da 1992, a na biyun aka samu zinariya da kayan tagulla. Wannan aikinsu ne.

Kan hawa tudun ƙasar da aka tara bisa kusheyin aka rabu. Wasu sun ce ba laifi, wasu sun ce kabari ne, mutane ke kwance ƙarƙashi. Ni ina tare da na ƙarshen.