Me za mu kira commuting accident da Hausa?

Jama'a don Allah masu aikin fassara da 'yan ƙungiyar ƙwadago ku matso, kalma nake nema.

Dokar Najeriya ta biyan diyya ga ma'aikata ta 2010, wadda hukumar inshorar ma'aikata, NSITF, ke riƙe da asusunta, ba wanda inji ya datse wa yatsa a masaƙa kaɗai ta shafa ba, har wanda adaidaita sahu ta kife da shi da sassafe tsakanin gidansa da wurin aiki yana ciki, haka wanda abin ya same shi a hanyar inda ya saba cin abinci ko inda yake karɓar albashi. Kuma mai kamfani ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa, ba a cire ko sisi daga aljihun ma'aikaci.

To shi wannan na hanya Turawa ke ce wa commuting accident, 'yan'uwanmu na Nijar da ke hulɗa da tasu hukumar inshorar ma'aikatan, CNSS, su ce accident de trajet, mu kuwa ba mu da tsayayyen suna, shi ya sa za ka ga lebura ya karye a hanyar Sharaɗa ko Bompai, unguwannin masana'antu na Kano, ya tafi wurin mai ɗori da kuɗin aljihunsa, ya ce ai a waje abin ya faru ba ruwan kamfani, wallahi abin na damuna.

Wani ya kawo hatsarin hanya. Ya yi faɗi da yawa, har mai zuwa biki ya shiga.

Hatsarin zuwa aiki kuma ya bar mai dawowa a baya, alhali da yamma ne mutum ke fitowa a gajiye ga cunkoso ga duhu ya fara.

Hatsarin kai-komon aiki ya yi min daɗi a baki, amma kai-komo sai ka ɗauka direba ake nufi ko masinjan da aka aika, su kuwa suna cikin aikin ne ma.

Ni dai na tsaya a kan hatsarin kan hanyar aiki, don ya ɗauke tafiya da dawowa, kuma dama haka muke magana. Ku gwada shi: wanda hatsarin kan hanyar aiki ya rutsa da shi ya sanar da kamfaninsu cikin kwana 14. Ya zauna ko?

Mutanen Maraɗi da Damagaram, ku ya kuke faɗa a can?