Kiɗan piyano da ka: wace irin natsuwa ce nake samu?

Ɗan Bagalam:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Shekara biyu ke nan da yayana ya kawo mini ƙaramin piyano na lantarki daga Kano, kuma ban taɓa zama gaban malamin kiɗa ba, balle in iya karanta rubutun kiɗa irin na Turawa. Bayan sallar isha'i, idan gida ya yi tsit, nakan ɗora yatsu a kan maɓallan in bi sautin duk inda ya ja ni, ba tare da na shirya komai ba. Wani daren sai awa guda ta wuce ban ankara ba, in tashi zuciyata wasai, amma da safe ko rabin abin da na kaɗa ba na iya tunawa. Shin wannan kiɗa ne na gaske ko wasa ne kawai, kuma wannan natsuwa me ya dace in kira ta?

Malama daga unguwar Zariya:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kiɗa ne na gaske, kuma akwai manyan makaɗa da suka yi suna da shi. Ranar 24 ga Janairun 1975, Ba'amurken makaɗi Keith Jarrett ya isa gidan opera na birnin Kolon a Jamus, ya tarar an ajiye masa piyanon da ba shi ya nema ba, ƙarami, sautinsa na sama siriri, na ƙasa kuma ba nauyi. Har ya yi niyyar fasawa, daga baya ya zauna ya kaɗa sama da awa guda da ka, ya fi tsayawa a maɓallan tsakiya, hannun hagu yana ta maimaita kari ɗaya domin ya rufe raunin kayan. Faifan da aka naɗa a daren nan an sayar da miliyoyinsa. Sai dai kada ka manta cewa tun yana ɗan shekara 3 yake kan piyano, saboda haka abin da ya fito daga yatsunsa ajiya ce ta shekaru, ba daga sama ya faɗo ba. Kai ma abin da kunnenka ya tara tun kana goye shi kake fitarwa.

Baba Ɗan Gulbi:
Yaro, ni abin bai ba ni mamaki ba, domin mun tashi muna ganin mai gurmi ya keɓe da dare yana taɓa tsirkiya shi kaɗai, ba biki, ba mai yi masa kari, kuma babu takardar da yake dubawa. Cikakken piyano maɓallai 88 gare shi, 52 farare, 36 baƙaƙe, kuma baƙaƙen nan sauti biyar ne suke ta maimaituwa, wanda a kan irinsa ne yawancin waƙoƙinmu na gargajiya suke tafiya. Ka gwada tsayawa a kansu kaɗai, ka bar hagu ta riƙe amo kamar ganga, dama ta yi magana kamar kalangu, za ka ji kamar kana ƙofar gida. Haka makaɗi Mamman Sani ya yi a Yamai da ogan ɗinsa na lantarki, ya naɗi kaset a 1978, aka daɗe ana sa kiɗansa tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin na ƙasar Nijar.

Almajiri daga Sabon Gari:
Baba da Malama sun gama da sashen farko, ni na biyun ne ya tsaya mini. Natsuwar da kake ji ba ƙarya ba ce, domin duk wanda ya tattara hankalinsa wuri guda har ya manta da kansa yakan samu sauƙi a ƙirji. Abdullah Ibrahim na Afirka ta Kudu, wanda ya musulunta a 1968, ya shafe shekaru yana kaɗa piyano shi kaɗai, kuma masu sauraronsa da yawa suna jin wani abu mai kama da tafakkuri a ciki. Amma ni ba zan ba ta sunan ibada ba, kuma ka san malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa, musamman a garin nan da aka san abin da goge yake kira a wajen bori. Wannan ɓangaren ka kai wa malaminka, ku zauna baki da baki.

Ɗan Bagalam:
Na gode ƙwarai. Baba, na gwada baƙaƙen jiya da dare, kuma wannan karon na ajiye salula kusa ta naɗa. Da na saurara da safe, sai na ji ashe waƙar daka da innata take yi ce nake ta kewayawa a kanta.