An Dakatar da Asusuna Ina Tsakiyar Furojet

Ɗan Tudun Wada: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na zo da ƙorafi ne, domin abin ya tsaya mini a rai. Sashen da ke kula da kwamfutoci a makarantarmu ya dakatar da asusuna na ɗalibi, wanda da shi nake shiga ɗakin kwamfuta da intanet ɗin makaranta, bisa dalilin cewa na ba wani kalmar sirrina. Na ba shi ɗin kuwa, ɗan ɗakinmu ne, nasa asusun ya ƙi buɗewa tun farkon zango alhali yana da aikin da zai miƙa. Daga baya aka ce an ga an sauke finafinai da sunana, an kuma shiga shafukan caca. Ina ajin ƙarshe, ina tsakiyar rubuta furojet, kuma mujallun ilimin da nake dogaro da su ta intanet ɗin makaranta kaɗai suke buɗuwa ba tare da biyan kuɗi ba. Duk shekara muna biyan kuɗin fasahar sadarwa a cikin kuɗin rajista. A hana ni abin da na biya kuɗinsa a irin wannan lokaci, ba tare da an zaunar da ni an ji ta bakina ba, wannan zalunci ne ƙarara.

Malam na Ƙofar Doka: Wa'alaikumus salam. Ɗana, Allah ya warware maka, amma ina ba ka shawara ka janye kalmar zalunci, domin ta fi ƙarfin abin da ka ba da labari. Malamai sun fassara zalunci da ajiye abu a inda ba muhallinsa ba, kuma hadisi ingantacce ya ce zalunci duffai ne ranar alƙiyama, saboda haka ba a jifan mutum da shi don kawai ransa ya ɓaci. In ma da wannan ma'anar za mu tafi, wanda ya ɗauki kalmar sirrin da aka damƙa masa amana ya sa ta a hannun wanda ba mai ita ba, shi ne ya fara ajiye abu a inda ba muhallinsa ba.

'Yar Sabon Gari: Malam, Allah ya ƙara girma, amma ma'anar da ka kawo ta hau kan ɓangarorin biyu. Hukunta wanda bai yi caca ba a bar wanda ya yi, shi ma ajiye hukunci ne a inda ba muhallinsa ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Me ya sa asusun ɗan ɗakin nasu ya yi makonni a rufe ba a gyara ba?

Injiniya: Hajiya, na yi aiki a irin wannan sashe a wata makaranta, kuma abin da ba a fahimta shi ne na'urar ba ta san fuska ba. Abin da take ajiyewa shi ne sunan asusu, da lambar kwamfutar da aka zauna a kanta, da lokacin shiga da fita, da shafukan da aka buɗe. Idan bayanan suka nuna an shiga shafin caca da asusun wane, to wane ne ya shiga, har sai shi ya kawo hujjar da za ta nuna akasin haka. Sannan ƙarfin intanet ɗin da makaranta ke saye guda ne, ana raba shi tsakanin kowa, mutum ɗaya da ya zauna yana sauke finafinai yana iya sa sauran ɗaliban ɗakin su kasa buɗe ko da shafin rajista. Su waɗannan da aka hana aikinsu, wa ya zalunce su? Batun biyan kuɗi kuwa, wanda ya kama hayar shago a kasuwar Sabon Gari yana biya, amma hakan bai ba shi ikon yanka makulli ya raba wa abokai ba. Ɗakunan kwamfuta da yawa a manyan makarantun gwamnati da kuɗin TETFund aka gina su, wato asusun gwamnati da aka tara masa harajin ilimi daga ribar kamfanoni, don haka dukiyar al'umma ce, ɗalibi amfani da ita aka ba shi izinin yi.

Lauya Mai Jiran Gado: Ni ina ganin ma sassauci aka yi masa. Dokar yaƙi da laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta shiga kwamfuta ba tare da izini ba, ta kuma haramta yin sojan gona da sunan wani. Wanda ya kamata ya gode wa Allah bai kamata ya zo yana maganar zalunci ba.

'Yar Sabon Gari: Ƙanena, ka koma ka sake karanta dokar kafin a kira ka lauya. Waɗannan sassan suna magana ne a kan wanda ya yi da niyyar damfara. Ara wa ɗan ɗaki asusu don ya miƙa aikin aji saɓa ƙa'idar makaranta ne, amma babu alƙalin da zai kira shi damfara. Ku 'yan sashen shari'a da zarar kun haddace lambar sashe biyu sai ku fara tsorata mutane da kurkuku.

Lauya Mai Jiran Gado: Anti, mu aƙalla karatu ke kai mu ɗakin. A makarantarmu 'yan kimiyya ne ke mamaye kujerun tun safe da sunan darasin gwaji, kana leƙawa ka tarar rabinsu suna Facebook ne ko kallon sakamakon ƙwallo. Idan zalunci ake nema a ɗakin kwamfuta, to ga shi nan.

Ɗan Kimiyya: Wannan ƙazafi ne, kuma ba ka da wata shaida a kansa. Mu darasinmu ba ya yiwuwa sai da kwamfuta, kuma manhajojin da muke aiki da su a kan waɗannan kwamfutocin kaɗai aka ɗora su. Ku kuwa buga rubutu ne kawai, wanda ko a waya za ku iya yi. Ku ne kuma kuke yawo da filas daga wannan kwamfuta zuwa waccan, kuna baza ƙwayar cutar nan da ke ɓoye fayiloli ta bar wa mutum alamomin fayiloli na bogi, har ta kai an toshe kafar sa filas an hana kowa.

Mai Kafe: Ku yi haƙuri in sa baki, ni da nake sana'ar kafe, wato shagon intanet. Ana ta maganar kalmar sirri kamar wani abu ne da ɗalibai ke ɓoyewa. Lokacin rajista ɗalibai da kansu suke rubuta mini lambarsu da kalmar sirrinsu a takarda, su tafi aji, su dawo su tarar na cire musu takardar biyan kuɗi ta Remita na yi musu rajistar kwasa-kwasai. Tun da JAMB ta koma jarrabawar kwamfuta gaba ɗaya a 2015 yara suka saba da miƙa bayanansu ga mai kafe tun kafin su shiga jami'a. Idan bayar da kalmar sirri laifi ne da ya kai a dakatar da asusu, to rabin ɗaliban Zariya sai a dakatar da su.

Injiniya: Alhaji, ai wannan da ka faɗa shi ne babban abin tsoron. Tun da aka fara bashin karatu na NELFUND a 2024 ɗalibai ke haɗa lambar NIN da BVN da lambar asusun banki a wuri guda, kuma yawancinsu kalmar sirri ɗaya suke amfani da ita ko'ina. Ga dokar kare bayanan jama'a ta 2023 tana nan, kuma wanda ke tara bayanan mutane a sana'arsa akwai nauyi a kansa. Ina kake kai takardun nan bayan an gama rajista?

Mai Kafe: Injiniya, kada ka yi mini shaguɓe a gaban jama'a. Shekara da shekaru ina wannan aiki babu ɗalibin da ya taɓa kai ni ƙara. Da ɗakunanku suna buɗe da yamma, da janareto yana tashi duk lokacin da aka ɗauke wuta, da ba wanda zai tako shagona ya biya kuɗi.

Ɗan Tudun Wada: Jama'a, don Allah a dawo kan maganata. Ni ban ce ban saɓa ƙa'ida ba. Tambayata ita ce, ya halatta a yanke wa ɗalibi hukunci ba tare da an kira shi ya yi bayani ba, ba a kuma faɗa masa ranar da dakatarwar za ta ƙare ba? Har yanzu ba wanda ya taɓa wannan.

Malam na Ƙofar Doka: Ɗana, ka ga yanzu ka ce "ya halatta", ka bar waccan kalmar. Da haka ka fara da ba a yi doguwar magana ba. Amma ka fito fili ka ce ka janye ta, domin ma'aikatan nan su ma mutane ne masu iyali, ba sa nan balle su kare kansu.

Shugaban Zaure: To jama'a, dare ya yi, bari in tattara abin da aka tattauna. An yi ittifaƙi cewa abin da ya faru ba zalunci ba ne, kamar yadda Malam ya warware da hujja, Injiniya kuma, wanda na san ƙwarewarsa tun muna makaranta tare, ya nuna cewa asusun ɗalibi amana ce ta makaranta kuma duk abin da aka yi da shi yana wuyan mai shi. Lauyanmu ya tunatar da mu dokar ƙasa. An kuma ja hankalin masu kafe su gyara yadda suke riƙe bayanan ɗalibai. Ɗan'uwanmu ya je ya ba da haƙuri, ya canza kalmar sirrinsa.

'Yar Sabon Gari: Ranka ya daɗe, ban san da wa aka yi ittifaƙin ba, domin ni ban yarda ba, Alhaji mai kafe ma bai yarda ba, kuma gyaran da na yi wa lauyan naka bai shiga cikin bayaninka ba. Ƙanena na Tudun Wada, ka rubuta takarda zuwa ga shugaban sashen, ka aika kwafi ga ofishin kula da harkokin ɗalibai da malamin da ke duba furojet ɗinka, ka nemi a nuna maka ranaku da lokutan da aka shiga shafukan, ka haɗa da jadawalin darussanka na waɗannan ranakun. Ka kuma tafi da ɗan ɗakin naku ya faɗi abin da ya yi da bakinsa.