Neman shawara: an sa ranar aurenmu, shi kuma zai tafi kwas ɗin kundumbala

Ɓoyayyiya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Wanda zan aura soja ne, ɗan ƙanwar Babanmu, tun muna Islamiyya ake tsokanarmu da juna, har Gwaggo ta taɓa daina gaisawa da Ummanmu a kan maganar. An kawo lefe, an sa rana bayan Babbar Sallah. Yanzu ya ce sunansa ya fito a kwas ɗin sojojin kundumbala a Buni Yadi. Baba ya ce a ɗaga. Ni ban yarda ba. Ya zan yi?

Tsohon Saje: 'Yata, ki saurare ni, na ci kaki na ƙoshi. Makarantar tana ƙaramar hukumar Gujba a Yobe, daji ne na gaske, ba irin Depot ta Zariya ba. Can ake koya musu tafiyar dare da kaya a baya, kwanton ɓauna, kutsawa maɓoyar 'yan ta'adda su 'yan kaɗan, da ceto waɗanda aka sace. Ba kowa ke gamawa ba. Wanda ya gama kuma ba gida zai dawo ya zauna ba, ko Operation Hadin Kai, wadda ta gaji Lafiya Dole a 2021, ko birged ta sojojin kundumbala a Makurdi. Bi maganar mahaifinki.

Maman Iman: A ɗaura kawai! Matar da aka ɗaura wa aure ce ke da haƙƙi, budurwa ba ta da komai a takarda. Amma ki shirya. Ni nawa yana daji na haihu, danginsa ko sabulu ba su aiko ba, sai tambayar albashi.

Abu Sadik: Ba su ne na Legas masu jiragen ruwa ba?

Tsohon Saje: Wannan SBS ce ta sojan ruwa, tun 2006, 'yan fashin teku suke bi. Ku daina cakuɗa abu. Kuma Maman Iman, amarya ba miji a ɗaki, aure ne wannan?

Maman Iman: Baba Saje, kai da ka tafi Laberiya matarka sakinta ka yi?

Ɓoyayyiya: Ni fa ban ce zan hana shi ba, burinsa ne tun yana yaro. Kuma Baba ba don kwas ɗin yake so a ɗaga ba, akwai wata magana da ba zan faɗa a nan ba.

Abu Sadik: To wace magana ce?