Neman kalma: me za mu kira ƙarfen da ke fitar da zafin tocila?

1/ Jama'a, kalma ɗaya nake nema, ku taya ni. Bature yana ce wa abin "heat sink". Masu gyaran waya da rediyo ma haka suke kiransa, sai dai da bakin Hausa. Na yi kwanaki ina juya kalmomi, har na samu wadda raina ya kwanta da ita, amma bari in fara ba ku labarin da ya jawo neman.

2/ Ƙanena yana kwana a fadama lokacin noman rani, yana gadin injin ban ruwa da albasa. Bara na saya masa tocila irin ta zamani, mai jikin alminiyam da batir ɗaya da ake caji. Tana da mataki huɗu na haske, na ƙarshen an rubuta masa turbo. In ya danna wannan, har tsallaken fadamar yake hango mutum. Sai dai ba a minti biyu hasken ke raguwa da kansa, kan tocilar kuma ya ɗau zafi kamar murfin tukunya. Shi a ganinsa matsala biyu ce: jabu aka sayar mini, kuma tana ƙona masa hannu. Ta biyun ya ga zai iya maganinta. Ya yanko robar tayar keke ya naɗe kan tocilar tam, ya rufe duk tsage-tsagen nan da ke zagaye da wuyanta. Hannunsa ya huta. Hasken kuwa, maimakon minti biyu, ko ɗaya bai ƙara kaiwa ba.

3/ Muka kai ta wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a kasuwarmu. Bai ko kunce ta ba, robar kawai ya warware ya jefar ƙarƙashin teburi. Ya ce, "Yaro, lafiyarta ƙalau, hanci ka toshe mata." Ƙanena ya ce, "Baba, wane hanci kuma?" Ya nuna masa tsage-tsagen, ya faɗi sunan da Turanci, da ya ga bai gane ba sai ya ce, "Ƙarfen da ke shan zafi."

A hanya ƙanena ya ce da ni, "Yaya, in dai sha yake yi, ina ruwansa da roba? Ya sha abinsa daga ciki mana." Ban samu abin ce masa ba. Tambayarsa daidai take, kalmar ce ta ɓatar da shi.

4/ Ga yadda abin yake a ciki. Kwan LED ɗin da ke ba da hasken bai kai ƙwayar masara ba. In aka tura masa wuta da ƙarfi, fiye da rabinta zafi take zama, ragowar ce haske. A ce tocila tana jan wat 30 a turbo: kusan wat 20 na zafi ke nan yake fita daga wuri mai faɗin farce. Ƙaramin ƙarfen da Baba mai rediyo ke narka dalma da shi ma bai wuce wat 30 zuwa 40 ba. Kamfanonin da ke ƙera kwan LED, irin su Cree, suna rubuta cewa kada cikin kwan ya wuce digiri 150 a ma'aunin Salshiyos, kuma tun kafin a kai nan haskensa ke dushewa, kwanansa ke raguwa.

Saboda haka ake ɗora kwan a kan wani ɗan faranti na jan ƙarfe ko alminiyam, a shafa wani farin mai kamar man goge baki tsakanin farantin da jikin tocilar don kada iska ta maƙale a tsakani. Zafi ya bi faranti, ya shiga jiki, ya bazu cikin tsage-tsagen, iska ta kwashe. Jan ƙarfe ya fi alminiyam saurin miƙa zafi, ya kusa ninka shi, amma ya fi shi nauyi sau uku da wani abu, ga tsada. Shi ya sa ake sa shi daidai gindin kwan kawai, a bar wa alminiyam sauran tafiyar.

Ku lura, ba inda zafin ya tsaya. Hanya kawai aka yi masa ya wuce.

5/ To ga kalmomin da na gwada na ajiye.

Mashayin zafi. Ita ce ta fi kusa da bakin Baba, ita ce kuma ta sa ƙanena bai ga laifin naɗe tocila da roba ba. Abin da ya sha ya riƙe ke nan, sai ranar da ya ƙoshi. Ga shi kuma in ka ce "mashayi" a unguwarmu, ba ƙarfe mutane za su fara tunawa ba. Matsotsi da mazuƙi duk cutarsu ɗaya.

Kwatamin zafi. Wannan ta masu son bin Turanci sau da ƙafa ce, don "sink" kwatami suka fassara shi. A kwatami ruwa taruwa yake yi ya kwana ya yi wari. Tocilar da zafi ya taru mata haka ta mutu.

Masanyayi. Tana da daɗin faɗa, kuma ginin ta na Hausa ne sak, irin na mabuɗi, magogi, matsefi. Amma mai ji zai zaci wani abu ne kamar firji mai haifar da sanyi. Wannan ƙarfe ba ya iya sauko da tocila ƙasa da zafin iskar da ke kewaye da ita ko da digiri ɗaya. Kuma in yana aikinsa daidai, shi kansa zafi za ka ji ya yi. Tocila mai ƙarfi da ka kunna a turbo ka ji jikinta sanyi ƙalau, ita ce abin tsoro, don zafin yana can ciki yana dafa kwan. Yaya za ka gamsar da mutum cewa masanyayi mai kyau shi ne mai zafi?

6/ Wani bawan Allah, bakanike, ya rubuto cewa me ya sa muke wahalar da kanmu alhali muna da lagireto. Maigida, ka yi gaskiya a wani ɓangare, aikinsu ɗaya ne. Amma duk direba ya san lagireto da ruwa, da murfi, da tafasa a kan hanyar Zariya. In na ce wa ƙanena tocilarsa tana da lagireto, ina tsoron ya nemi inda ake zuba mata ruwa. Abin da ya fi kama da namu a garejinka shi ne zara-zaran ƙarfen nan da ke jikin injin babur, waɗanda iska ke ratsawa in ana gudu. Ba ruwa, ba famfo, ƙarfe ne da iska kawai. Kuma ba ɗan acaɓar da zai naɗe su da roba.

7/ Wata Hajiya malamar makaranta ta kawo "indararon zafi". Wallahi sai da na yi murmushi ni kaɗai. Duk wanda ya tashi a gidan soro ya san indararo: ruwan sama ya sauka a kan rufi, indararo ya karɓe shi ya watsa can nesa da katanga. Ya kuma san abin da ke faruwa in ganye ko sheƙar tsuntsu ta toshe shi, ruwa ya kwanta a saman azara, kafin Agusta ta ƙare ɗaki ya fara yoyo. Hoton ya zauna daram, Hajiya.

Abu biyu suka hana ni ɗauka. Na farko, indararo baki ɗaya gare shi, ta wuri ɗaya yake zubarwa, shi kuwa wannan ƙarfe ta ko'ina a jikinsa yake saki, dalilin tsaga shi ke nan, don a ƙara faɗin wurin da iska za ta taɓa. Na biyu, yaran da suka tashi a gidan kwano da siminti da yawansu sai an yi musu bayanin indararon kansa. Kalmar da za a fassara kafin a fassara da ita ta ƙara mana aiki.

8/ Amma ita ta buɗe mini hanya zuwa wadda na tsaya a kai: magudanar zafi.

Dalilina ɗaya ne. Ba Bahaushen da ba ya san cewa magudana ba a toshe ta. Duk damina ana shelar a yashe magudanun ruwa, kowa ya ga abin da ke biyo baya in ba a yashe ba. Kalmar da kanta tana ɗauke da gargaɗin da ƙanena yake bukata. Da Baba ya ce masa, "Ka toshe magudanar zafi," da ba a yi tambaya ta biyu ba. Kuma tana aiki a wajen tocila: akwai magudanar zafi a kan ƙwaƙwalwar kwamfuta, a cikin inbata ta sola, a bayan amfilifaya ta masallaci. Jam'inta a shirye yake, magudanun zafi.

Tsage-tsagen kuma na ce a kira su haƙora, kamar yadda muke cewa haƙoran matsefi. Haƙoran magudana. Wanda ya taɓa ganin ta cikin kwamfuta ya san da matsefi take kama.

Wani malamin kimiyya ya yi gyara cewa ilimin ya raba tafiyar zafi cikin ƙarfe da tafiyarsa cikin iska, kalmata kuwa ta haɗe su. Haka ne, Malam, ranka ya daɗe. A aji sai ka raba musu. A bakin teburin mai gyara, gudu ɗaya ne daga kwai zuwa waje.

9/ Yanzu raguwar hasken da ƙanena ya ɗauka alamar jabu ce. Bature yana cewa "step-down". A cikin tocilar akwai ɗan ma'aunin zafi, in ya kai iyakar da aka sa masa sai ya rage wutar da ke zuwa kwan. A manhajar Anduril da wasu tociloli ke amfani da ita, iyakar da take zuwa da ita digiri 45 ce. Wasu masu arha ba ma'auni, agogo kawai suke bi, minti kaza ya cika su sauka ko da zafi ko babu.

Nan ne yanayinmu ya shigo. Gudun zafi ya dogara ne da tazarar da ke tsakanin zafin ƙarfe da zafin iska. A daren hunturu tazarar tana da faɗi, turbo ya daɗe. A Afrilu a Sakkwato ko Yamai, inda rana ke haura digiri 40, dare ma bai cika hucewa ba, tazarar 'yar kaɗan ce, sai tocila ta sauka da wuri. Tocila ɗaya ce, batir ɗaya. Abin mamaki kuma, hannun mutum ma magudana ne: jini yana kwashe zafi, don haka tocilar da ke riƙe a tafin hannu ta fi wadda aka ajiye a kan tabarma jimirin haske. Manya-manyan kuwa, irin Imalent MS18 mai kwai 18 da kamfanin ya ce tana kai lumen 100,000 (lumen ma'aunin yawan haske ne), fanka aka sa musu a ciki, kuma duk da haka sai sun sauka.

Na fara da "rage wuta", irin na madafa in tuwo ya fara kamu. Sai na ga za a rikita da batir da cajinsa ya yi ƙasa ko wutar layi mara ƙarfi. Na koma "sassautawa". Tocila ta sassauta. Wanda ya sassauta da gangan ya yi, kuma yana iya komawa in an huce. Ita ma haka.

10/ Batir kuwa, shi ne wanda ake yi wa duk wannan gata ba a faɗa. Lambobin nan da ke jikinsa awo ne: 18650 na nufin kaurin milimita 18 da tsawon 65, 21700 kuma 21 da 70. Cikakken caji bolt 4.2 ne. Tocilar da ke jan wat 30 daga batir ɗaya tana neman fiye da amfiya 8, kuma ba kowane batir ke iya bayar da wannan ba tare da shi ma ya ɗau zafi ba, balle wanda aka ciro daga tsohuwar kwamfutar cinya. Na gaske a 18650 bai cika wuce 3500 mAh ba (ma'aunin yawan cajin da yake ɗauka), nauyinsa wajen giram 45. In ka ga an rubuta 9900 a jiki, ka ɗaga ka ji shi sakayau, mayar wa mai shi. Masu ƙera su suna cewa kada a yi caji a zafin da ya wuce digiri 45, kada a yi aiki da shi sama da 60. Ka tuna da wannan ran da za ka bar tocila a gaban gilashin mota da azahar, ko ka jona ta a caji tana sauka daga turbo.

In zafi ya yi wa batirin litiyam yawa, abin da ke cikinsa yana fara ruɓewa, ruɓewar ta haifar da ƙarin zafi, ƙarin zafin ya ƙara ruɓewar, har ya yi feshin wuta. Shi Bature ke kira "thermal runaway". A tocila abin ya fi muni, don batirin yana cikin bututun ƙarfe ne a rufe ruf da zoben roba.

11/ Wannan ta uku ban samu kalmarta ba tukuna. An kawo "ɓarkewar zafi", amma ɓarkewa ƙarshen labarin ce, ba ta nuna yadda zafin ke ciyar da kansa. An kawo "ƙwacewar zafi", kamar doki ya ƙwace linzami ko mota ta ƙwace wa direba, kuma ita ce nake jin ta fi kusa, don bayan ƙwacewa ba birki. Wani daga Maraɗi ya ce "zafi mai haihuwa". Na rubuta duka ukun a takarda, gobe in Allah ya kai mu zan biya ta kasuwa in karanta wa Baba mai rediyo, in ga wadda zai gane ba tare da na ƙara masa bayani ba.