Wa Ya Dace Ya Fito a Matsayin Ɗalibi a Fim ɗin Soyayyar Makaranta?

Tsohuwar ɗaliba, Tudun Wada: Assalamu alaikum. Tun da Yaya furodusa ya nemi shawara a kan waɗanda zai ɗauka a shirinsa na abokai 'yan jami'a da soyayyar da ta shiga tsakanin biyu daga cikinsu, ga tawa ba tare da ɓoye-ɓoye ba: a bar wa matasan da suka yi zaman makaranta rawar ɗalibi, manyan jarumai kuma su koma malamai da iyaye. Mun gaji da ganin mutumin da ya ba arba'in baya an aske masa gemu, an rataya masa jakar goyo, an ce mana ɗan aji ɗaya ne. Duk wanda ya kwana a hostal zai gane ƙaryar tun daga tafiyar jarumin, domin ɗalibin da ke da lacca ƙarfe bakwai na safe ba ya takun ƙasaita. Sauri yake yi ya je ya ajiye littafi a kan benci don ya kama wa abokinsa wuri, alhali ko bokitin da ya bari a layin famfo bai koma ya ɗauko ba.

Furodusa, Unguwar Sarki: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Na ji ki, amma ki tuna cewa kuɗin aikin ba daga sama suke faɗowa ba. Tun da kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai ta mutu, harkar ta koma YouTube da tashoshi irin su Arewa24, abin da mai kallo yake fara gani shi ne fuskar da ke kan hoton shirin, kuma idan bai san ta ba wucewa yake yi. Sannan ba mu muka fara wannan ba. An haifi Aamir Khan a 1965, amma ya fito a matsayin ɗalibin injiniyanci a 3 Idiots a 2009, yana da shekara 44, kuma mutanenmu sun kalli fim ɗin sun yi dariya sun yi kuka, ba wanda ya tsaya neman takardar haihuwarsa.

Tsohuwar ɗaliba, Tudun Wada: Yaya, wancan mutumin ya rage jiki ya sauya tafiya saboda rawar. Wane ne a cikin namu zai yi haka, alhali yana da shirye-shirye uku da yake ɗauka a mako guda?

Malamin wasan kwaikwayo, Zariya: Ina ganin ku biyun kun jingina maganar a kan shekaru, kuma ba nan gizo yake saƙar ba. Da farko, ɗalibin jami'ar Nijeriya ba lallai ne ya zama yaro ba. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022 kaɗai ya cinye wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma ba don banza ba hukumar yi wa ƙasa hidima take ba wanda ya gama bayan ya haura shekara 30 takardar yafewa. A aji guda za ka tarar da 'yar shekara sha bakwai da magidanci mai 'ya'ya biyu, don haka jarumi ɗan talatin ba abin mamaki ba ne idan labarin ya yarda cewa ɗan talatin ne. Abu na biyu, kuma shi ya fi damuna, shi ne cewa zama ɗalibi daban, iya nuna ɗalibi a gaban kyamara daban. Na sha ganin yaron da ke cika hostal da surutu, da zarar darakta ya ce a fara sai muryarsa ta koma ta mai karanta labarai, hannuwansa kuma su rasa wurin zama. Soyayya a fim ɗin Hausa ta fi ta wasu wuya, domin al'ada da dokokin tace finafinai sun hana taɓa juna, saboda haka komai a ido da shiru yake. Ɗauki fitowar da saurayi zai nemi aron littafin da kowa ya san ba ya bukata: yarinyar za ta miƙa masa ba tare da ta ɗago ba, ta gyara mayafin da bai zame ba, ƙawarta ta yi gyaran murya, shi kuma ya yi godiya sau biyu ya juya ya nufi hanyar da ba tasa ba. Idan ɗaya daga cikin ukun ya yi gaggawa da daƙiƙa guda, fitowar ta lalace, kuma wannan koyon sa ake yi.

Dattijo, Unguwar Shanu: Malam, Allah ya ƙara ilimi, amma bari in ɗan goyi bayan 'yata. Marigayi Usman Baba Pategi ya yi aikin soja kafin ya zama Samanja Mazan Fama a nan Kaduna, shi ya sa idan ya daka tsawa da Hausar bariki har tsofaffin sojoji suke jijjiga kai. Ba a littafi ya karanto wannan ba.

Malamin wasan kwaikwayo, Zariya: Gaskiya ne, Baba, sai dai dubban mutane sun yi soja tare da shi, kuma Samanja ɗaya aka samu. Barikin ya ba shi abin da zai kwaikwaya, shekarun da ya yi a gidan rediyo da talabijin suka koya masa yadda zai kwaikwaye shi.

Hajiya, Barnawa: Ni uwa ce, kuma ta nan zan yi magana. Da sauƙi a ce a ɗauko 'yan mata daga Jami'ar Jihar Kaduna, KASU, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, amma wa zai tsaya wa yarinyar bayan shirin ya fita? Namiji ya fito a masoyi a yaba masa, ita kuma a bi ta da suna a unguwa, har dangin mai neman aurenta su ce sun gan ta tana fari da ido a talabijin. Mun ga yadda ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau, 'yar garin nan, a 2016 saboda bidiyon waƙa, ita da ta riga ta yi suna, balle 'yar aji biyu da ba ta da kowa a harkar. Ban ce kada a ɗauke su ba, amma a zauna da iyaye, a nuna musu labarin daga farko har ƙarshe, kuma kada a ɗauki aiki a lokacin jarrabawa.

Tsohuwar ɗaliba, Tudun Wada: Na yarda da sharuɗɗanki, Mama. Sai dai idan tsoron nan ne zai hana, haka za mu dawwama da fuskoki goma suna zagayawa, alhali Ali Nuhu ma yana saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya yi fice da Sangaya, saboda wani ya yarda ya gwada shi. Kuma Malam, ka yi bayanin soyayya ka bar abota, wadda a wurina ita ce ta fi tona asiri. Abokan makaranta ba sa jiran ɗaya ya gama magana, suna katse juna, suna tsoma cokali uku a tukunyar taliya ɗaya, suna da laƙabin da ba wanda ya san asalinsa sai su. Idan ka haɗa babban jarumi da yara uku, girmama shi za su yi ta yi, har ka ga abokinsa na fim yana sunkuyar da kai idan zai zolaye shi.

Malamin wasan kwaikwayo, Zariya: Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma maganinta gwaji ne mai tsawo. A sashen wasan kwaikwayo na ABU makonni ake yi ana maimaita wasa kafin a hau dandali, amma a wurin ɗaukar fim sau da yawa da safe ake miƙa wa jarumi takarda, a ɗauka kafin azahar. A tara huɗun nan wuri guda na mako biyu, su ci tare su yi musu tare, ko da babba a cikinsu, kunyar za ta ragu.

Furodusa, Unguwar Sarki: Malam, mako biyu na masauki da abinci ba tare da an kunna kyamara ba ya kai kuɗin fitowa biyu ta shirin, kuma babban jarumi ba zai ajiye sauran ayyukansa ya zauna ba sai an biya shi kwanakin. Abin da zan iya shi ne in ba sananniyar fuska rawar yayan yarinyar, wanda yake ajin ƙarshe, in yi gwajin ɗaukar sababbi a sauran, sannan in ware kwana biyar na zama tare.

Tsohuwar ɗaliba, Tudun Wada: To saurayin fa, Yaya? Domin a kansa muka fara musun.

Furodusa, Unguwar Sarki: Shi kam ban yanke ba, ƙanwata, sai na ji ta bakin mai zuba kuɗin.